Hoton Matashi a Bidiyon Waƙoƙin Ɗalibai a Manyan Makarantun Arewacin Nijeriya

Tsakure

Wannan takarda ta dubi yadda ɗaliban manyan makarantun Arewacin Nijeriya ke fito da siffar matashi a bidiyon waƙoƙin da suke shiryawa da kansu, ko a matsayin aikin aji, ko don nishaɗi da neman suna a kafafen sada zumunta. An lura cewa siffa biyu ce ta mamaye waɗannan ayyuka: matashin da ya riga ya samu, mai mota da shadda, da kuma matashin da ya lalace, mai jiran a ceto shi. Takardar ta danganta hakan da idanun da ɗalibi ke tsoro ko yake zawarci idan ya ɗauki kyamara, wato idon malami mai ba da maki, da idon gida da unguwa, da idon kasuwar intanet. Ta kuma tsaya a kan matsayin 'ya mace, wadda ita ce ke biyan farashi mafi tsada idan fuskarta ta fito. Hujjar takardar ita ce, matashin da ya fi yawa a harabar makarantunmu, mai haɗa karatu da sana'a, mai zaman jira, bai samu shiga hoton ba tukuna.

Gabatarwa

Shekaru ashirin da suka wuce, duk wanda ke son ganin waƙarsa a hoto sai ya bi ta hannun masu sutudiyo a titin Gidan Zu a Kano, ko takwarorinsu na Kaduna da Jos. Zai biya mai kiɗa, ya biya mai kyamara, ya biya edita, sannan ya je ya roƙi 'yan kasuwar Ƙofar Wambai su buga masa a faifai. Yau ɗalibin aji biyu a jami'a na iya yin dukkan wannan daga kan katifarsa. Abokinsa zai haɗa masa kiɗa da FL Studio a kwamfutar hannu, a ɗauki murya cikin dare bayan ɗakin kwana ya yi shiru, a ɗauki hoto da waya, a tace da CapCut, kafin gari ya waye abin yana kan TikTok da YouTube, ana tura shi a zaurukan WhatsApp na aji.

Bidiyon da nake magana a kansu iri uku ne, ko da yake suna shiga juna. Akwai wanda malami ya ba da a matsayin aiki a sassan Koyon Aikin Jarida da na Wasan Kwaikwayo da Fim, irin waɗanda ake da su a Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello da kwalejojin kimiyya da fasaha. Akwai wanda ɗalibi mai sha'awar waƙa ya yi don kansa. Sai kuma wanda aji ko ƙungiyar ɗalibai ke yi don wani biki, musamman ranar kammala jarrabawar ƙarshe da ranar al'adu. A mafi yawan iri na ukun ba sabuwar waƙa ake yi ba, mamin ake yi a kan waƙar da ke tashe, amma zaɓen wuri da sutura da wanda zai tsaya a gaba duk na ɗaliban ne, don haka suna da abin faɗa mana.

Stuart Hall ya nuna a aikin da ya tace a 1997 kan wakilci cewa hoto yana ƙera ma'anar abin da yake nunawa, kuma wanda ke riƙe da kayan ƙirar yana da iko. Kafin shi, a 1988, Dick Hebdige ya lura cewa a Ingila matasa kan bayyana a idon jama'a ne ta fuska biyu, ko a matsayin fitina, ko a matsayin masu shagali. A can manya ne ke riƙe da kyamarar. Tambayar da ta dame ni ita ce: yanzu da kyamarar ta shiga hannun matashin kansa a ƙasar Hausa, me ya sa fuskokin nan biyu ba su gushe ba?

Gadon da ɗalibi ya tarar

Babu ɗalibin da ya fara daga fili. Tun daga fim ɗin Turmin Danya na 1990, da kuma Sangaya da ya buɗe kasuwa a ƙarshen shekarun 1990, waƙa da rawa suka zama ƙashin bayan fim ɗin Hausa. Brian Larkin da Abdalla Uba Adamu sun yi bayani mai gamsarwa kan yadda finafinan Indiya, waɗanda aka daɗe ana kallo a silimun Kano, suka ba wa masu shirya fim tsarin saurayi da budurwa suna amsa wa juna waƙa a lambu, ana canja kaya a kowane baiti. Wannan shi ne tsarin nanaye, kuma duk yaron da aka haifa bayan shekarar 2000 da shi ya buɗe ido. Daga baya hip-hop na Hausa ya shigo da nasa salon: tsayuwar gungun samari, kallon kyamara ido da ido, motsa hannu, unguwa a matsayin fage. Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta ba wa wannan salo gida ta shirye-shirye irin su Zafafa Goma da H Hip Hop, yara suka ga cewa ana iya yin gambarar zamani da Hausa a fito a talabijin.

Akwai gado na biyu, shi ne na tsoro. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001. A 2007 aka yanke wa Adam A. Zango ɗaurin wata uku saboda kundin bidiyon waƙoƙinsa mai suna Bahaushiya, wanda aka ce ya fitar ba tare da an tace ba. A 2016 ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga masana'antar fim ɗin Hausa saboda fitowar da ta yi a bidiyon wata waƙar soyayya ta mawaƙi ClassiQ. A 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa wasu samari biyu masu barkwanci a TikTok bulala da tara saboda bidiyon da suka yi a kan gwamnan jihar na lokacin. Ɗalibi ba sai ya karanta dokar tace finafinai ba kafin ya san waɗannan labarai. A gida ya ji su, kuma suna tare da shi lokacin da yake yanke shawarar abin da zai ɗauka da abin da zai bari.

Matashin da ya riga ya samu

Mu ɗauki bidiyon da ɗalibi ya yi don kansa, mu dube shi a kusa. Hoton farko mota ce baƙa, an wanke ta tas, an ajiye ta a gaban ginin da ya fi kowanne kyau a makarantar, yawanci ranar Asabar ko Lahadi da ma'aikata ba sa nan. Ƙofar direba a buɗe, mawaƙin na zaune, ƙafa ɗaya a waje. Shaddar da ke jikinsa har yanzu da karin guga, hula zanna ta zauna, agogo na ɗaukar ido. Idan ka kalli bidiyon har ƙarshe za ka lura motar ba ta motsa ba ko sau ɗaya. Ta ɗan'uwan wani abokinsu ce, an ba da aronta na awa biyu bisa sharaɗin ba za a tashe ta ba, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ko an ba da izinin tuƙawa babu mai kuɗin zuba mata mai. Kyamara ce ke zagaya ta, edita ya rage gudun hoton, ya ƙara masa launi, har mai kallo ya ji kamar ana tafiya.

Daga nan sai harabar otal, ko wurin shan askirim, ko wani lambu. Ba za ka ga ɗakin kwanan da mutum takwas ke kwana a wurin mutum huɗu ba. Ba za ka ga layin ɗiban ruwa ba, ko zauren lakca da ɗalibai ke zaune a kan taga. Ko littafi ya fito, ado ne a hannun budurwa. Ɗalibin ya goge ɗalibtarsa daga hoton gaba ɗaya, ya bar saurayin da yake fatan zama nan da shekara goma.

Da yawa daga cikin masu sharhi kan kira wannan ƙarya ko son abin duniya, su wuce. Ni ban ga adalci a wannan hukunci ba. Bahaushe ya san kwalliyar aro tun kafin a ƙera kyamara. Ango ma da babbar rigar aro yake zaman ɗaurin aure, babu mai ce masa maƙaryaci, domin kowa ya san yana nuna matsayin da ya shiga ne. Alcinda Honwana, a littafinta na 2012 kan matasan Mozambik da Afirka ta Kudu da Senegal da Tunisiya, ta bayyana halin da matashin Afirka ke ciki a matsayin zaman jira: ya wuce yaro, amma rashin aiki ya hana shi aure da gida da faɗa-a-ji, waɗanda su ne ke mai da mutum babba. Ɗalibin da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ya zaunar a gida daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoban 2022, bayan wanda aka yi a 2020, ya san wannan jira a jikinsa. Idan ya zauna a motar aro yana waƙa, yana ƙetare shekarun jiran ne na minti uku, yana cewa shi ma a lissafa da shi.

Matsalar tana wani wurin. Kamannin nasarar da yake arowa ƙunci gare su. Mota ce, da shadda, da budurwa fara. Ba a cika ganin nasara a siffar likita ko injiniya ko manomi ko malami ba, alhali waɗannan ne abin da masu bidiyon ke karantawa. Dalili kuwa a fili yake. Manhajojin da ake ɗora bidiyon suna tura wa jama'a abin da aka tsaya aka kalla, kuma daƙiƙun farko ne ke sa mutum ya tsaya ko ya wuce. Ɗalibi ya ga abin da ya ɗaga waɗanda suka riga shi, sai ya kwaikwaya. Ga shi kuma kuɗin data na kansa ne, ba zai yi gwaji da abin da ba shi da tabbacin za a kalla ba.

Matashin da ya lalace

Da zarar bidiyon ya zama aikin aji, sai hoton ya juye. Malami ya ce a yi waƙar faɗakarwa, ko wata ƙungiya ta sa gasa a kan zaman lafiya ko yaƙi da shaye-shaye. Nan da nan motar ta ɓace, kango ya maye gurbinta. Saurayi ne a tsugune a ginin da ba a ƙarasa ba, gashi a hargitse, riga a yage, yana kurɓar zoɓo daga kwalbar maganin tari. An cire launin hoton ya koma baƙi da fari. Sai a nuno uwa a kan tabarma ta yi tagumi, wata ɗaliba ce 'yar shekara ashirin da aka shafa wa hoda a gira. A baiti na uku wani dattijo ko malami ya dafa kafaɗarsa, launi ya dawo, ga shi cikin farin yadi yana fitowa daga masallaci.

Shaye-shaye gaskiya ne, ba ƙirƙira ba. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya. A shekarar ce gwamnati ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan rahoton binciken BBC da ya nuna halin da ake ciki a Kano da wasu garuruwa. Daba ma gaskiya ce, haka ƙwacen waya. Abin da ke damuna shi ne yadda ake ba da labarin. Yaron da ke cikin kangon ba shi da tarihi. Ba mu san ko ya yi makaranta an kore shi saboda kuɗi ba, ba mu san wanda ke sayar masa da kayan ba, balle ɗan siyasar da ya raba masa su lokacin kamfe. Laifin duk nasa ne da abokan banza, maganin kuma nasiha ce daga babba. Matashi ya ɗauki kyamara, amma da bakin mahaifinsa yake magana.

Wani abin lura kuma, wanda ake nunawa a matsayin lalatacce kusan kullum ɗan talaka ne na cikin lungu, wanda bai shiga jami'a ba. Ɗalibi kan sa kayansa ya kwaikwaye shi, kamar yadda a ranar al'adu ake sa tsumma a shafa baƙi a haƙori a kwaikwayi baƙauye don a yi dariya. Wannan ɗabi'a ta kwaikwayon ƙauyawa ta bazu har a shagulgulan biki, inda a 2025 Hukumar Tace Finafinai ta Kano ta sanar da hana abin da ake kira ranar ƙauyawa. Hujjar hukumar ta tarbiyya ce. Ni abin da ya fi tsaya mini shi ne rainin da ke ciki: da yawa daga masu wannan shiga iyayensu ko kakanninsu daga ƙauyen suka fito, kuma hatsin da aka sayar aka biya musu kuɗin makaranta daga can ya zo.

Bai kamata a ɗora wa ɗalibi laifin nan shi kaɗai ba. Yana ba da abin da ya san zai kawo maki ne. Idan takardar aikin ta ce a fito da matsala, a nuna illarta, a kawo mafita, to an riga an rubuta masa labarin kafin ya kunna kyamara. Abin mamaki shi ne muna da wata al'adar koyarwa da ta fi wannan zurfi a gida. Tun tsakiyar shekarun 1970 sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, ta hannun malamai irin su Michael Etherton da Brian Crow, sannan Salihu Bappa da Oga Steve Abah, ya riƙa tura ɗalibai cikin Samaru da ƙauyuka irin su Bomo su zauna da mutane, su saurare su, kafin su tsara wasa. Darasin da aka koya a wancan aiki shi ne, wanda ya je da saƙonsa a aljihu ba ya jin abin da mutanen ke faɗa. Wannan darasi bai ƙetaro zuwa ajin bidiyon waƙa ba.

Fuskar budurwa

A nan ne idon gida da unguwa ya fi nauyi. Duk wanda ya taɓa sa ido a kan aikin rukuni ya san yadda rabon aiki ke kasancewa. Mata su ne ke rubuta tsarin aiki, su riƙe kuɗin karo-karo, su yi kwalliya, su kawo kayan sawa, wani lokaci su ne ma suka rubuta baitocin. Da an zo maganar wadda za ta tsaya gaban kyamara sai kowa ta sunkuyar da kai. Ɗaya za ta ce yayanta na TikTok, wata ta ce an kawo kuɗin aurenta, wata ta ce ta yarda amma daga baya za a ɗauke ta, ko a nuna hannunta mai lalle kawai. Ƙarshenta akan nemo wata daga wani sashe, ko wadda iyayenta ke wani gari mai nisa, ko wadda ba Bahaushiya ba, a sa mata mayafi.

Tsoron nasu yana da tushe. Sun ga abin da ya faru a 2016, inda mutum biyu suka fito a bidiyo ɗaya amma sunan macen ne ya cika gari. Sun ga ce-ce-ku-cen da aka yi a 2020, lokacin kullen korona, da mata suka riƙa ɗora bidiyon kansu suna rawa da waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker, yadda aka bar waƙar aka koma kan tarbiyyar masu rawar. Saurayi na iya yin bidiyo goma a jami'a, ya gama, ya nemi aure, a ce ƙuruciya ce. Budurwa kuwa daƙiƙa goma sha biyar da wani ya yanko ya tura wa dangin wanda zai aure ta sun isa su rusa magana. Bidiyo ba ya tsufa, kuma ba ita ke riƙe da shi ba.

Sakamakon haka shi ne rabuwar murya da jiki. Wannan ma gado ne daga Kannywood, inda mawaƙa irin su Maryam Fantimoti da Fati Nijar suka rera waƙoƙi masu yawa da wasu 'yan wasa suka hau a fim. A bidiyon ɗalibai abin ya ƙara tsanani: mai muryar ba ta son a gan ta, wadda ake gani kuma ba ta cewa komai. Tana tafiya a hankali, tana murmushi, tana kawar da kai, fuskarta ta sha filta har ta yi haske fiye da yadda Allah Ya yi ta. Aikinta a labarin shi ne a so ta, ko ta yaudari saurayi ta bi mai kuɗi, ko a bidiyon faɗakarwa ta zama wadda ta biye wa ƙawaye ta dawo gida da kuka. Ɗalibar da ke kwana a ɗakin gwaje-gwaje, wadda ta zo ta ɗaya a ajinsu, wadda ke goyon ɗa tana rubuta jarrabawa, ba ta da gurbi.

Ina ganin kuskure ne a ɗauka mafita ita ce a matsa wa ɗalibai mata su fito, kamar fitowar ce ci gaba. Wadda ta ƙi fitowa ta yi lissafin da ya dace da rayuwarta, ya kamata a girmama shi. Abin tambaya shi ne me ya sa ba a ba ta kyamarar da kujerar darakta ba, tunda waɗannan ba sa buƙatar fuska. A 'yan ayyukan da na ga mata sun ja ragama, abin da ake nunawa kan canja ko da fuska ba ta fito ba: ɗakin kwanan mata da dare, ana kitso ana bitar karatu, tukunya a kan risho, hira. Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, ta shafe rayuwarta tana yi wa mata waƙa a kan sana'a da haihuwa da kishi, da ƙwarya a gaban mata 'yan'uwanta. Akwai hanyar da mace ke magana da mata a al'adar nan, ba sai an aro ta daga ko'ina ba.

Wanda aka bari a waje

Ka tsaya a ƙofar kowace babbar makaranta da yamma ka ga wanda ke fitowa. Ga wanda zai je ya karɓi adaidaita sahu ya yi aikin dare. Ga mai teburin POS, ga mai gyaran waya, ga wadda ke sayar da turaren wuta da atamfa ta WhatsApp, ga mai soya awara a ƙofar ɗakin kwana, ga tela da zai kwana a kan keke saboda sallah ta matso. Ga malamin Islamiyya da ke koyarwa da safe ya shigo lakca da rana. Waɗannan su ne mafi yawan ɗalibanmu, kuma sau da yawa su ne ma suka yi bidiyon. Mai zama cikin motar aron nan wataƙila da kuɗin ɗinki ya biya sutudiyo.

Waƙar Hausa ba baƙuwar irin wannan mutum ba ce. Ɗan Maraya Jos ya yi wa karen mota waƙa da kuntiginsa, ya ba shi mutunci. Aminu Ala ya yi waƙar Jami'a, ɗalibai suka karɓe ta hannu bibbiyu saboda sun ji wahalarsu a ciki. A Nijar, Adeline Masquelier ta rubuta littafi a 2019 kan fada, wato majalisar samari masu dafa shayi, ta nuna cewa zaman da manya ke kira zaman banza cike yake da tsari da taimakon juna da tunani a kan gobe. Majalisa irin wannan na kowace unguwa a Kano da Katsina da Zariya, amma idan ta fito a bidiyon ɗalibai, matattarar 'yan shaye-shaye ce.

Haka nan akwai abubuwan da suka taɓa ɗalibai kai tsaye waɗanda ba kasafai suke shiga waƙoƙinsu ba. An sace ɗalibai a Kwalejin Gandun Daji ta Afaka da Jami'ar Greenfield a Kaduna a 2021, an sace na Jami'ar Tarayya ta Gusau a 2023. Kuɗin rajista ya ninka a jami'o'i da dama, har wasu suka ajiye karatu. A watan Agustan 2024 matasa sun fito zanga-zangar tsadar rayuwa, daga baya aka ga ƙananan yara a gaban kotu a Abuja. Shirun ba na rashin damuwa ba ne. Ɗalibi ya san takardar da ya sa wa hannu ranar rantsuwar shiga makaranta, ya san ana iya kiransa gaban kwamitin ladabtarwa saboda ɓata sunan makaranta, kuma shekara huɗu ko biyar na wahalar iyayensa ba abin wasa ba ne.

Babban wurin da ɗalibi ke fitowa a matsayin ɗalibi shi ne bidiyon ranar gama jarrabawar ƙarshe. A nan za ka ga farar riga da abokai suka cika da sa hannu da alƙalamin maka, ka ga ainihin zauren jarrabawa, da ƙurar hanya, da mai shayin da ya yi shekara huɗu yana ba su bashi an jawo shi cikin hoto, da uwa ta gaske ta zo daga gida da kular abinci. Hoton na rawa, sautin iska na shiga, amma a nan ne kaɗai ake ganin fuskokin da ba a shirya ba. Wasu makarantu sun hana bikin saboda abubuwan da suka wuce gona da iri, kuma suna da hujjarsu. Duk da haka mai nazari zai sami gaskiyar rayuwar ɗalibai a waɗannan gajerun bidiyo fiye da yadda zai samu a waɗanda aka kashe wa kuɗi.

Abin da ke hannun sassan koyarwa

Kasuwar intanet ba ta hannunmu, idon unguwa ma ba a rana ɗaya zai sauya ba. Takardar aikin aji kuwa mu ke rubuta ta. Maimakon a ce a yi waƙa a kan wata matsala ta matasa, ana iya cewa kowane rukuni ya bi mutum ɗaya mai shekarunsu, da yardarsa, ya ga yadda yake wuni, sannan a rubuta waƙar daga kalmomin da shi ya yi amfani da su. Ana iya hana aron mota da otal a aiki ɗaya cikin zangon karatu, a ce duk abin da zai fito a hoto ya zama yana cikin tafiyar ƙafa daga ɗakin kwana. Ana iya ware maki na musamman ga wanda ya riƙe kyamara da wanda ya tace, a kuma tabbatar ana juya waɗannan ayyuka tsakanin maza da mata.

Sai batun yarda. Duk wanda fuskarsa za ta fito, musamman mace, ya kamata a rubuta a takarda inda za a nuna bidiyon: aji kaɗai, ko bikin sashe, ko intanet. Wanda ya saɓa ya ɗora a waje, a hukunta shi kamar yadda ake hukunta satar jarrabawa. Idan ɗaliba ta san aikin ba zai wuce bangon aji ba sai da izininta, lissafinta zai canja, kuma za mu fara ganin labaran da yanzu ake ɓoyewa.

Akwai kuma adanawa. Ɗakunan karatun sassanmu cike suke da kundayen digiri masu bango, amma bidiyon da aka yi tare da su suna cikin wayoyin ɗalibai ne da filas ɗin malamai. Ranar da wayar ta faɗa ruwa, ko aka kai ta kasuwar waya ta Farm Centre aka sayar don biyan kuɗin rajista, aikin ya tafi. Kowane sashe na buƙatar ma'ajiya guda, da rajistar da ke ɗauke da shekara, da sunan kwas, da waɗanda suka yi aikin, da takardar yardar waɗanda suka fito, yadda mai nazarin da zai zo nan da shekara ashirin zai iya ɗora bidiyon 2022 kusa da na zamaninsa ya gwada su.